Abin Da Za A Yi Idan Mai Share Faifan Kwamfuta Ya Cije

A yau kwamfuta ta zama abin aiki a ofisoshi da makarantu da asibitoci da shagunan ƙasar nan. A cikinta ake ajiye takardun albashi, da sakamakon jarrabawa, da lissafin ciniki. Amma kamar yadda ɗaki yake tara ƙura, haka faifan ajiyarta yake tara tarkacen fayiloli marasa amfani, har wata rana ya cika, aiki ya yi nauyi. Saboda haka ne kamfanin Microsoft na Amurka ya sanya wani mai shara a cikin Windows tun daga Windows 98, wanda ake kira Disk Cleanup.

Sau da yawa mai sharar nan yakan kama aiki, sa'an nan ya tsaya cik a wuri guda, kamar ya mutu. A nan ne mutane da yawa sukan yi wa kansu ɓarna: wani ya kashe na'urar da ƙarfi, wani ya shiga goge fayilolin da bai san amfaninsu ba. An shirya wannan bayani domin jama'a su san dalilin cijewar da kuma hanyar gyara ba tare da hasara ba.

DALILIN CIJEWA

Galibi mai sharar yakan tsaya ne a kan sashen da aka rubuta wa Windows Update Cleanup, watau share ragowar sabuntawa. Duk lokacin da Windows ta karɓi sabon gyara daga kamfaninta, takan adana tsofaffin sassan da aka maye gurbinsu a cikin wata ma'ajiya mai suna WinSxS, domin a iya komawa baya idan sabon ya zo da matsala. Kafin a zubar da ko ɗaya, dole na'urar ta bincika sassan nan ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar da wanda ba a bukata, ta kuma matse waɗansu don su rage cin wuri. Aiki ne mai yawa ƙwarai. A tsohuwar kwamfuta mai faifai irin mai juyawa yana iya ɗaukar sa'a ɗaya, ko biyu, ko fiye, alhali kuwa layin da yake nuna ci gaban aiki a allo bai motsa ba.

Waɗansu dalilan kuma su ne sabuntawar da ba ta ƙare ba tana jiran a sake kunna na'ura, ko fayilolin Windows da suka lalace, ko kuwa faifan da kansa ya fara gajiya.

YADDA AKE GANEWA

Kafin a taɓa kome, sai a danna madannan Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A nemi layin da aka rubuta Windows Modules Installer Worker. Muddin alƙaluman da suke gabansa suna hawa suna sauka, to, aiki yana tafiya, sai a ƙyale shi. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya wajaba kawai shi ne a tabbatar wuta ba za ta yanke ba: kwamfutar hannu a cika batirinta a bar ta jone, ta tebur kuwa a haɗa ta da na'urar riƙe wuta, domin yankewar lantarki a tsakiyar wannan aiki tana iya lalata Windows. Idan kuwa sa'o'i sun wuce alƙaluman suna kwance ba motsi, sai a bi matakan da suke biye.

MATAKAN GYARA

1. A kwafe muhimman takardu zuwa wani faifai na waje tukuna. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa da shi.

2. A danna Cancel, a jira taga ta rufe, sa'an nan a sake kunna kwamfutar ta hanyar Restart. Idan akwai sabuntawar da take jira, a bari ta gama. Yawancin lokaci wannan kaɗai yakan warware matsalar.

3. A sake buɗe mai sharar, amma a cire alamar da take gaban Windows Update Cleanup, a share sauran. Idan ya gama lafiya, an gano inda cutar take.

4. A danna madannin Windows tare da R, a rubuta %temp%, a goge abin da yake ciki. Fayilolin wucin gadi ne. Duk wanda na'ura ta ce ana amfani da shi, a tsallake shi.

5. A nemi Command Prompt, a buɗe shi ta hanyar Run as administrator, a rubuta wannan umurni daidai, harafi da harafi:
DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth
Umurnin yana gyara ma'ajiyar sassan Windows, kuma yakan bukaci intanet. Idan ya ƙare sai a rubuta:
sfc /scannow
Wannan kuma zai bincika fayilolin Windows ya maye gurbin waɗanda suka lalace.

6. A nan cikin tagar, a rubuta:
DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup
Shi ne yake yin ainihin sharar da ta gagari Disk Cleanup, yana kuma nuna kashi nawa cikin ɗari aka yi. Umurnin DISM guda biyun nan suna aiki ne a Windows 8 da waɗanda suka biyo bayanta.

7. Idan har yanzu abin ya ƙi, a rubuta chkdsk C: /f, a amsa da Y, a sake kunna na'ura domin ta binciki faifan. Faifan da yake ƙara ƙas-ƙas, ko yake yawan nuna kurakurai, ya kusa mutuwa. Sai a kai wa ƙwararren mai gyara a canza shi.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Kada a kuskura a goge ma'ajiyar WinSxS da hannu. Yin haka yana iya hana Windows tashi baki ɗaya, a je neman gira a rasa ido. Bugu da ƙari, girman da take nunawa ya fi na gaskiya, domin yawancin fayilolinta su ne waɗanda Windows take aiki da su a wasu wurare, ana lissafa su sau biyu.

A duba kwandon shara, watau Recycle Bin, kafin a sa masa alama, domin abin da aka zubar daga nan ba ya dawowa cikin sauƙi. Haka kuma wanda ya goge Windows.old ya rufe wa kansa hanyar komawa tsohuwar Windows. Ita na'urar da kanta takan share shi bayan kwana 10. Har wa yau a yi hattara da manhajojin shara na kyauta da ake tallarsu a intanet, domin waɗansunsu ɓarna suke kawowa.

RIGAKAFI

Tun shekarar 2018 Microsoft ya sanar cewa ya daina inganta Disk Cleanup, ya mai da hankali ga wani sabon mai shara da ake kira Storage Sense, wanda ake samu a cikin Settings, ƙarƙashin System, sa'an nan Storage. Idan an kunna shi yakan yi shara da kansa lokaci-lokaci, tarkace ba ya taruwa. Ya kamata kuma a sani cewa kamfanin ya daina bai wa Windows 10 tallafinsa na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka masu ita su fara shirin komawa Windows 11 idan na'urarsu za ta iya ɗauka.

Ana kira ga shugabannin ofisoshi da malaman makarantu da 'yan kasuwa da su sanar da ma'aikatansu waɗannan ƙa'idodi. Kwamfuta ana iya sayen wata, amma takardun shekara da shekaru idan suka salwanta, samun su sai an sha wuya. A kwafe takardu, a tabbatar da wuta, a yi haƙuri, sa'an nan a bi matakan ɗaya bayan ɗaya.