Idan Harafin k Ya Ɓuya a Lissafin Kwadiratik

Duk ɗalibin sakandare a Nguru ko Gashuwa da ke shirin zana WAEC ko NECO ya san wannan tambaya: a ba ka lissafin kwadiratik, a gaya maka darajar x, sannan a ce ka nemo k, wato lambar da ke manne da x. Yara da dama nan suke cijewa, domin sun haddace dabarar neman x kaɗai, ga shi kuma an juya musu tambayar.

A ganina gyaran yana cikin fadama. A ce manomin shinkafa a bakin kogin Yobe yana da fili mai murabba'in mita 600, tsawonsa ya ɗara faɗinsa da wasu mitoci da ba a sani ba. Faɗin shi ne x, rarar ita ce k, sai lissafin ya zama x² + kx − 600 = 0. Aka ja igiya aka auna faɗin, aka samu mita 20. To, sai a ɗora 20 duk inda x yake: 20 sau 20 ya ba da 400, saura 200 a cike 600. Raba 200 gida 20, k ya fito 10. Tsawon gonar mita 30 ke nan, kuma yaro zai iya tabbatarwa da kansa, tunda 20 sau 30 ɗari shida ne cif.

Wani lokaci ba a ba da x, sai a ce amsoshin biyu iri ɗaya ne. A lissafi mai siffar ax² + bx + c = 0, sharaɗin shi ne b² = 4ac. A x² + kx + 9 = 0, k² zai zama 36, don haka k na iya zama 6 ko −6. Wannan −6 ɗin ne ake yawan mantawa, maki ya zube a banza.

Al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da zanen murabba'i ya riƙa kafa hujjarsa, kuma awon fili da rabon gado na cikin abubuwan da ya yi wa littafin tanadi. Ina fata ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, idan sun shiga aji koyarwa, su fara fita da yara filin makaranta da igiyar awo kafin su rubuta k a allo.