Matameye: Tunawa da sojan da ya tafi bai dawo ba

A ƙasar Kance, in aka zo zancen yaƙin Hitila, akan tuna da tsoffin sojojin da suka dawo da lambobi a ƙirji. Wanda ya faɗi a hayin teku kuwa, ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba, kuma danginsa ba su san inda kabarinsa yake ba. Shi ya kamata a fara tunawa da shi.

Ba da son ransa ya tafi ba. Daga 1919 Faransa ta kafa dokar ɗaukar soja ta tilas a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta, shekara 3 ga duk wanda aka ɗauka. Kwamanda ya yanka wa sarki adadi, sarki ya yanka wa masu gari, daga nan sai barikin Damagaram, sai jirgin ruwa. Ko da yake ana kiransu "tirailleurs sénégalais", cikinsu har da 'yan Nijar. Da yake iyaka na kusa, samari da dama sun gudu ƙasar Daura. Sai dai can ma Ingilishi sun kwashi Hausawa zuwa yaƙin Bama.

Abin da ya faru a Chasselay, arewa da birnin Lyon, ya isa misali. A ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940, sojojin Afirka na runduna ta 25 suka tare wa Jamusawa hanya. Da harsashi ya ƙare suka miƙa wuya, sai aka ware baƙaƙe daga farare, aka kai su wani fili, aka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. A 1942 aka gina musu makabarta mai jan bango irin ginin ƙasar Sudan, wadda ake kira Tata. Sojojin Afirka 188 ke kwance a ciki, kuma a kan kaburbura da yawa ba a rubuta kome ba sai "ba a san shi ba".

Waɗanda suka tsira ma ba su huta ba. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka harbe tsoffin fursunonin yaƙi da ke neman kuɗinsu. Sai a 2024 shugaba Emmanuel Macron ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Haka kuma dokar 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin Afirka, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011, lokacin da galibinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Amma sunan mamaci bai ɓace ɗungum ba. Ma'aikatar tsaron Faransa ta zuba sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi a shafinta na intanet mai suna Mémoire des hommes, takardun mamatan yaƙin duniya na biyu kuma suna ajiye a birnin Caen. Mai nema ya yi haƙuri, don magatakardan Nasara sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, kuma sau da yawa sunan babban gari suka sa a maimakon ƙauyen haihuwa.

Nan ne aikin ma'aikata da 'yan kasuwar Matameye yake. Malamin makaranta ya iya karatun takarda, fada ta san asalin kowane gida, mai hali kuma na iya ɗaukar nauyin allo guda da za a rubuta sunayen a kai. Tsofaffin da suka ji sunayen daga bakin iyayensu suna ƙarewa, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a ƙasar da ba tasu ba, amin.