Gargaɗi ga Masu Shafukan Intanet: Ku Toshe Ƙofar Rumbun Bayananku

Wannan kira ne ga duk mai gina shafin intanet, da shugaban makaranta ko asibiti ko ƙungiyar adashe da ya biya aka gina masa shafi yana tara sunayen jama'a. Ku sa a duba akwatin da ake rubuta suna da kalmar sirri, da akwatin bincike, yau ɗin nan. Ta nan ɓarawo ke shiga, ba tare da ya ɓalle ko kwaɗo ɗaya ba.

Ga yadda abin yake. Shafi yana magana da rumbun bayanai ne da wani yare mai suna SQL. Ɗalibi ya rubuta lambar rajistarsa, sai shafin ya ɗauki rubutun ya liƙa shi cikin umarni: kawo sakamakon mai wannan lamba. Shi kuwa rumbu bai san muryar maigida da ta baƙo ba, duk abin da ya iso masa a layi ɗaya umarni ne. Sai mai kutse, maimakon lamba, ya rubuta ' OR '1'='1. Ɗan waƙafin saman nan (') na farko ya rufe gurbin lambar, ragowar kuma ta zama sabon sharaɗi: ko kuma idan ɗaya daidai yake da ɗaya. Tunda ɗaya kullum ɗaya ne, sai rumbu ya zazzage masa sakamakon kowa. Tamkar ka aiki yaro kanti da takarda ne, wani ya tare shi a hanya ya ƙara layi a ƙasa, mai kanti ya cika duka don ya ga rubutunka a sama. Wanda ya ƙware yakan wuce karatu kawai, ya canza maki, ya goge bashi, ya share rumbun baki ɗaya.

Cutar tsohuwa ce. Tun Disambar 1998 Jeff Forristal ya bayyana ta a mujallar Phrack, amma har yau tana kayar da manya. A Oktoban 2015 an shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya ta wasu tsofaffin shafuka uku da ya gada daga kamfanin Tiscali ya manta da su. Bayanan mutum 156,959 suka fita, fiye da 15,000 har da lambar asusun banki, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Cikin waɗanda aka gurfanar akwai ɗan shekara 17. A 2023 kuma gungun masu kutse na Cl0p suka bi irin wannan kafa a manhajar MOVEit, suka kwashe bayanan miliyoyin mutane.

Kada wani ya ce, "Ai shafinmu ƙarami ne, wa ya san da mu?" Ba mutum ne ke zaɓen ku ba, manhajoji ne ke bin shafuka dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Kada ka taɓa haɗa rubutun baƙo da umarninka a jimla ɗaya. Shirya umarnin tukuna, ka bar alamar tambaya a gurbin lamba ko suna, ka aika shi, sannan ka aika abin da mutum ya rubuta daban. Da haka, ko me ya rubuta, rumbu zai ɗauke shi suna ne kawai. Masu aiki da PHP, PDO da mysqli duk suna da wannan hanya. Abin da ke ci min rai shi ne yawancin matasanmu daga tsofaffin darussan bidiyo suke kwafo tsohon salon, su sayar wa makaranta, ba wanda ya sake waiwaya. Tace rubutu a fuskar shafi da JavaScript kuwa bai hana komai, don mai kutse zagaye shi yake yi.

Bayan wannan, kada shafi ya shiga rumbu da asusun root mai cikakken iko, a ba shi izinin abin da yake buƙata kaɗai. A kashe saƙonnin kuskure masu tona sunayen teburan rumbu. Kalmar sirri kada a ajiye ta tsirara, a bi da ita ta bcrypt. Tsohon shafin da ba a amfani da shi a sauke shi. A gwada shafi da manhajar sqlmap, amma naka kaɗai, ko wanda aka ba ka izini a rubuce.

Masu shafuka a Najeriya kuma ku sani, dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora muku alhakin lambobin NIN da na waya da kuka karɓa. Idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu su, awa 72 kuke da su ku sanar da hukumar NDPC. Kira wanda ya gina maka shafi, ka ce ya buɗe kwamfuta ya nuna maka layin da ke karɓar kalmar sirri.