Motar Da Ke Kwance A Rumfa, Man Giyarta Na Tsufa

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi akwai wata irin mota da kowa ya sani. Tana kwance ƙarƙashin rumfar kwano ko a gindin dogon yaro, an lulluɓe ta da tamfol, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Mai ita galibi dattijo ne da ya ajiye aikin gwamnati, ko ɗan kasuwar da ya koma hawan babur. Ba ta fita sai ranar Juma'a, ko ɗaurin aure, ko in lalurar asibiti ta taso cikin dare. Idan ya tashi yabonta, mita yake nuna wa baƙo, ya ce ai ko tafiya ba ta yi ba.

Ba a banza motocin nan suka kwanta ba. Hanyoyin da a da ake bi ba fargaba, daga Ƙaura zuwa Shinkafi har Galadi, ko daga Zurmi zuwa Jibiya, sun zama sai da lissafi saboda 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 an datse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da fetur. Ana cikin farfaɗowa sai aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mutum ya duba aljihunsa, ya duba hanya, ya rataye makulli.

To, mita tana ƙirga tafiya ne kawai. Shekaru ba ruwanta da su, kuma man giya da shekaru yake tsufa kamar yadda yake tsufa da tafiya.

Yawancin masu mota sun san juyen baƙin mai kamar yunwar cikinsu, amma man giyar otomatik sai a shekara goma ba a leƙa shi ba. Alhali aikinsa ya fi na baƙin mai yawa. A mota mai giyar hannu, direba ne ke taka kuloci ya sa giya. A otomatik, mai ne ke wannan aikin. Shi ke ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ke matse faifan kuloci da ke jere a ciki ya kuma sake su, shi ke bi ta wasu ƙananan hanyoyi masu kama da gidan tururuwa yana buɗe wannan yana rufe wancan. Ga sanyaya ƙarfe, ga hana gogayya. Shi ya sa ake cakuɗa shi da sinadarai iri-iri, wasu na hana kumfa, wasu na hana tsatsa, wasu na daidaita santsinsa don kada kuloci ya kama da ƙarfi ko ya sulɓe. Abin mamaki, har zuwa farkon shekarun 1970 akwai kitsen wani ƙaton kifin teku a cikin haɗin, kafin Amurka ta hana farautarsa da cinikin mansa.

Sinadaran nan ne ke gajiya. Zafi da iska suna cin su sannu a hankali, jan mai ya koma ruwan ƙasa, ya fara barin dauɗa mai danƙo a cikin waɗancan ƙananan hanyoyin. Akwai ƙa'idar da masu gyaran giya suka daɗe suna aiki da ita, cewa in zafin mai ya haura digiri 80, duk ƙarin digiri 11 ko makamancin haka yana rage rabin kwanansa. A yankin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, mai ya riga ya ɗumama tun ba a murɗa makulli ba.

Ita kuwa motar rumfa tana da ciwon kanta. Akwatin giya yana da ƙaramar kafar shan iska a samansa. Rana ta gasa shi iska ta fita, dare ya sanyaya shi iska ta koma, a damina ta koma da laima. Motar da ke zuwa Gusau ta dawo tana ɗaukar zafin da zai kori wannan laimar. Wadda iyakarta gida zuwa masallacin Juma'a ba ta kai wa nan, sai raɓar ta yi ta taruwa. Robobin da ke tare mai su ma suna bushewa idan an daɗe ba a motsa su ba, shi ya sa ake ganin ɗigon ja a ƙasan motar da ta yi watanni a tsaye.

Kamfanonin da suka ƙera motocin ba su ɓoye wannan ba, sai dai littafin da ke zuwa da mota yakan ɓata tun a hannun dillalai. Littafin Honda Accord ta 2003, wadda aka fi sani da EOD, ya raba jadawali gida biyu. Wanda ke tuƙi cikin sauƙin yanayi zai canza man giya a mil 120,000 ko shekara 6. Wanda ke cikin yanayi mai tsanani zai canza a mil 60,000 ko shekara 3, daga nan kuma duk bayan mil 30,000 ko shekara 2, duk wanda ya riga zuwa. Da suka zo fayyace yanayi mai tsanani, sai ka ce arewacin Zamfara suke siffantawa: zafin da ya wuce digiri 32, hanya mai ƙura ko taɓo, gajeruwar tafiya da ba ta kai kilomita 8 ba, barin inji na aiki mota na tsaye. Toyota ma, a motocinta masu amfani da man giya mai suna WS, ta sa mil 60,000 ko wata 72 ga masu jan kaya da lodi mai nauyi. Wanda ya ga yadda ake danƙara wa but buhunan gero da wake bayan kaka, ya san layin da motocinmu suka faɗa.

Kalmar da ake tsallakewa a duk jadawalin ita ce "ko". Mota mai shekara 18 da mitarta ke nuna 70,000 ta wuce wa'adi sau da yawa ta ɓangaren shekaru, ko da a ce mitar gaskiya take faɗi.

Kuma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka 70,000 ɗin ta haura kilomita 112,000. Sannan mayar da mita baya ba baƙon abu ba ne a cinikin 'yar Kwatano, na'ura ce ake jonawa a gama cikin mintuna. Robar birki da ta cinye, sitiyarin da ya yi sulɓi, kujerar direba da ta lotsa, sun fi lambar da ke kan gilashi riƙon amana.

Duba man ba ya buƙatar kuɗi. A tsofaffin Toyota, Camry da Corolla, sai mota ta yi zafi, a tsayar da ita a wuri mai daidai, a bi da giya ta kowane mataki a dawo P, a zaro gejin man giya yayin da inji ke aiki. Tsofaffin Honda kuwa sai an kashe inji, a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A ɗiga a farar takarda. In ja ne garau kamar zoɓo, lafiya. In ya koma kamar shayin da ba madara amma ba ya wari, ya gaji, lokacin canji ya yi. In baƙi ne, yana ƙaurin tuwon da ya kama tukunya, ko ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, to ɓarna ta riga ta fara. Wasu motocin, irin Camry daga wajen 2010, ba su da geji sam, ta wani noti ake auna su a kan zafi na musamman, aikin wanda ya san kansu ne.

Akwai launi na huɗu da ya fi duka haɗari: mai ya yi kauri, ya yi fari-fari da ja kamar an zuba madara. Ruwa ne ya shiga. Ko dai bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto ya fashe, ko an faɗa ruwa mai zurfi, abin da ba wuya a damina idan rafukan da ke gangarawa gulbin Gagare suka cika suka haye hanya. Ruwa yana ɓamɓare fatar da ke manne a faifan kuloci. Motar da ta nuna haka, ja ake yi a kai ta gareji, ba a tuƙa ta.

Nan ne ake cin karo da maganar da ta cika garejoji, wai "Alhaji, bar ta yadda ka gan ta, in anka taɓa man giya mota ta mutu." Maganar tana da tushe, sai dai an ɗora laifi a kan wanda bai ci ba. Yawancin mutane ba sa tuna man giya sai mota ta fara fizga, ko ta yi jinkirin shiga ribas, ko a taka totur inji ya yi kuka ita kuwa ta ƙi ja. A lokacin kuloci ya riga ya cinye, garinsa da ke yawo cikin tsohon mai shi ke ɗan taimaka masa ya kama. Aka zubar da wannan man aka sa sabo mai santsi, sai ciwon ya fito fili, a ce bakanike ya kashe mota. Wanda mansa ya yi baƙi ya ƙone, giya kuma ta fara sulɓewa, gara ya fara tanadin kuɗin gyara. Wanda giyarsa ke shiga lafiya, man ne kawai ya tsufa, ba shi da dalilin tsoro.

Yadda ake canjin ma da magana. Hanyar da ta fi dacewa da tsohuwar mota ita ce a kwance notin ƙasa, abin da zai fito ya fito, a auna shi a galan, a mayar da sabo daidai gwargwado. Lita uku zuwa huɗu ke fita, wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin abin da ke ciki, sauran yana maƙale. Ba laifi ba ne. A yi ta hawa na ɗan lokaci, a sake, in da hali a yi na uku, mai zai washe ba tare da an tayar da dauɗar shekaru gaba ɗaya ba. In motar na da faranti a ƙasa, a cire shi a goge maganaɗisun da ke ciki, a duba filta, a sa sabon gaskit. Ƙura mai laushi kamar kwalli a jikin maganaɗisun al'ada ce. Ɓarɓashin da yatsa ke ji, wannan labari ne daban. Wanke giya da fetur ko kananzir, ko hura mata iska da ƙarfi, ganganci ne.

Sai babban ramin da ya fi cin giya a ƙasar nan: ɗaukar cewa duk jan mai ɗaya ne. Toyota na da T-IV na tsofaffin motoci da WS na waɗanda suka biyo baya, kuma ba a musanya su. Honda ta yi Z1, daga baya ta maye gurbinsa da DW-1. Dexron, wanda kamfanin General Motors ya fito da shi a 1967, shi ya fi yawa a shaguna, shi ya sa yaron gareji ke miƙo shi ga kowace mota. Motoci masu giyar CVT, kamar yawancin Nissan na baya-bayan nan, suna da nasu man, NS-2 ko NS-3, zuba musu na gama-gari kuwa yana iya gamawa da su cikin ɗan lokaci. Sau da yawa sunan man da ya dace yana rubuce a kan gejin. Mai mota ya karanta da idonsa, ya saya da kansa a shagon da ya amince da shi, ya duba hatimin murfi, domin ana cika tsofaffin robobi da jabu. Man da ake aunawa daga jarka a bakin titi ba wanda ya san asalinsa.

Ga motar da ke kwance a wannan yanki, shekara uku zuwa huɗu tsakanin juye da juye lissafi ne mai kyau, ko mita ta motsa ko ba ta motsa ba. Wanda ya sayi ta hannu bai san tarihinta ba, ya ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ya duba launi tun makon farko. Tayar da inji a rumfa na minti biyar ba ya ɗumama giya, sai an fitar da motar duk mako ɗaya ko biyu, a yi zagayen rabin awa cikin gari inda hankali ke kwance, ta shiga kowace giya har ribas. Ranar da aka yi juyen, a rubuta kwanan wata da lambar mita a takarda, a manna a cikin ƙofar direba, a ajiye robar man da aka zuba don bakaniken gaba ya ga irinsa.