Mutum Ya Rikiɗa Kura: Ina Abin Tsoron Yake?

Tun kafin a buɗe silimar Rex a Kano cikin 1937, kakanninmu suna ba da labarin mutumin da kan rikiɗa kura da dare. Turawa ma suna da irinsa, sai dai nasu kyarkeci yakan zama in wata ya cika. Yau yaran Nassarawa a ɗaka suke kallonsa, gobe su tambayi malami. Me za mu ce musu?

A ganinmu, tsoron ba a haƙora yake ba. Cikin The Wolf Man, wanda kamfanin Universal na Amurka ya yi a 1941, Lon Chaney ƙarami ya fito a mutumin kirki wanda aka ciza. Ya san zai yi kisa, ba shi da ikon hana kansa, har mahaifinsa ya kashe shi da sanda mai kan azurfa. Tausayi ne ya haifi tsoro. Amma in aka fito da dodon fili, ba a nuna mana halin mutumin ba, sai mu ga ƙato ne kawai da gashin aro. Dodo ɗaya ake tsoro, wanda ba a gama gani ba.

Rikiɗar kuwa dabara ce: a tsai da na'urar ɗaukar hoto, a manna gashi, a sāke ɗauka, sa'an nan a haɗa.

To, malamai, mu bayyana wa yara wannan. Yaron da ya gane gashin manne ne, da wuya ya girma ya nuna maƙwabci da yatsa ya ce maye ne.