Ruwan Famfo Ba Ruwan Lagireto Ba Ne: Jan Kunne Ga Masu Babura a Tamanrasset

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu manyan babura da kekunan dako masu ƙafa uku a Tamanrasset, kuma ita ce ke cinye injuna ba tare da an ankara ba. Mutum ya ga ruwan lagireto ya ragu, sai ya tari ruwan famfo a jarka ya ɗura, ya mayar da murfi ya kama gabansa. Wata mai zuwa ya maimaita. A haka za a shekara uku ko huɗu ba a taɓa zubar da tsohon ruwan an wanke cikin ba, har abin da ya fito daga kamfani kore ko ja ya koma jan tsatsa. Ranar da inji ya tafasa a hawan Assekrem ko a hanyar In Guezzam, sai a ɗora laifin a kan zafin Sahara, ko a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Alhali sakaci ne tsagwaronsa. Masu ƙananan baburan da iska ke sanyaya injinsu, su ne mafiya yawa a gari, wannan magana ba tasu ba ce. Amma duk wanda abin hawansa ke da lagireto da fanka, daga keken dako har zuwa irin su Yamaha TMAX da Ténéré 700, to da shi ake.

A fara da ruwan kansa. Tun shekarar 2011 ruwan da ke zuwa famfunan Tamanrasset daga In Salah ake turo shi, ta bututu mai tsawon kusan kilomita 750, kuma daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi. Irin wannan ruwa, da na rijiyoyin yankin, ba ya rabuwa da gishiri da ma'adinai, ko an tace shi don sha. Wanda ke shakka ya leƙa cikin butar da yake dafa shayi, zai ga farin ɓawon da ya manne a gindinta. Wannan ɓawon ne ke taruwa a cikin inji, sai dai hanyoyin ruwan lagireto sirara ne ƙwarai, ɓawo kaɗan ya isa ya toshe su. Gishirin kuma yana cin alminiyon da aka ƙera injin da lagireton da shi, gurɓataccen ruwan yana goge robar famfon da ke zagayar da ruwa har ta soma yoyo. Duk wannan a ɓoye yake faruwa, shi ya sa mai babur ke bugun ƙirji yana cewa ai shekara biyu ruwa yake zubawa bai ga komai ba.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, ruwan sanyaya inji, wanda 'yan Aljeriya ke kira glasiyol, na ƙasashen ƙanƙara ne, mu da ke hamada me za mu yi da shi? Mai faɗin haka ya manta inda yake zaune. Tamanrasset tana kan tudu ne, kusan mita 1,400 sama da teku, kuma daren Disamba da Janairu sanyi kan kai ga daskarar da ruwa, balle a saman duwatsun Hoggar inda Assekrem ta haura mita 2,700. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya isa ya tsaga lagireto. Tudun yana da wata illar kuma: a bakin teku ruwa sai ya kai maki 100 yake tafasa, a nan kuwa wajen maki 95, a Assekrem kusan 91. Murfin lagireto mai kyau ne ke matse ruwan ya ɗaga wannan iyaka, don haka murfin da robarsa ta tsage a nan ya fi hatsari. Haɗin glasiyol da tataccen ruwa, wato wanda aka raba shi da gishiri da ma'adinai, rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen maki 37 ƙasa da sifili, kuma ya fi ruwa jinkirin tafasa. Amma babban aikinsa ma ba wannan ba ne. Sinadaran hana tsatsa ne ke cikinsa, su kuma ƙarewa suke yi, shi ya sa kamfanoni ke cewa a canza shi bayan shekara 2 ko 3 ko da launinsa bai sauya ba.

Wani bakanike zai ce ruwa zalla ya fi ɗauke zafi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ba a zuba glasiyol mai kauri shi kaɗai ba sirki. Masu tseren babura kan yi amfani da ruwa, amma tatacce, kuma ba sa barinsa ya shekara a ciki. Batun tsada kuwa ba ya tsayawa: yawancin babura lita 1 zuwa 2 suke sha, a kwatanta da kuɗin sauke kan inji da sabon gasket. Sai mai cewa, idan ruwa ya ƙare a tsakiyar kilomita 400 da ke tsakanin nan da In Guezzam fa? A zuba abin da aka samu, ba wanda zai ce a kwana a daji, muddin ba a taɓa ruwan shan da rai ya dogara da shi ba. Amma lalura ce, ana dawowa gari a wanke.

Wankin ba ya cin fiye da awa biyu, sai dai gaggawa ce ke ɓata shi. Sai inji ya huce sarai kafin a taɓa murfi, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi kan yi tsartuwa ya saluɓe fatar hannu da fuska. A kwance notin zubarwa da ke jikin famfon ruwa, a tari tsohon a roba, a juye na ƙaramin tankin ajiya, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Sannan a cika da tataccen ruwa, a tayar da inji ya yi zafi, a bari ya huce, a zubar, a maimaita har ruwan ya fito garau. A nan ne ake tafka wauta mafi ban haushi: a wanke da ruwan famfo, wato a kori datti ta ƙofa a shigo da shi ta taga. Tataccen ruwa ana samunsa a shagunan kayan mota da gidajen man Naftal, amma mai saye ya karanta jikin kwalba, don wasu da zarar an ce ruwan batir sai su miƙo mai asid, wanda zai ƙona injin. Bayan wanki a sa sabon wosha a notin, a zuba sabon ruwa a hankali ana matsa tiyo don iska ta fita, a bar injin yana aiki har fanka ta tashi, in ya huce a ƙarasa cikawa, tankin ajiya ya tsaya tsakanin layukansa biyu. Kada a dogara da launi wajen haɗa iri biyu, launi rini ne kawai; abin da littafin babur ya ce shi ne abin bi. Idan kuwa aka ga man inji ya yi fari-fari, ko ruwa na ɗiga ta ƙaramin ramin da ke ƙasan famfo, wanki ba zai yi magani ba, sai gareji.

Tsohon ruwan guba ne mai zaƙi, yana lalata ƙoda, awaki da karnuka na lasarsa, yara ma haka. Ba a zubar da shi a kwararo ko cikin korama, kuma kada a kuskura a adana shi a gorar ruwan sha a garin da kowa ya ga gora zai kafa kai. A zuba shi a jarka mai murfi, a yi mata alama, a kai wurin da ake tara baƙin mai.