Direban da Ya Kawo Mana Kaya: Wa Ke Biyan Kwanakin Jiransa?

A wannan fitowa ina so mu duba wani mutum da muke gani kullum amma ba mu cika tambayar halin da yake ciki ba, wato direban babbar mota. Shi ke kawo taki da hatsi da gishiri da sabulu zuwa sito da kanti, shi ke kwashe dankali da rogo da wake daga wurinmu zuwa birni.

Zan fara da laifin kaina. Bara waccan, gab da faɗuwar damina, wata mota ta iso da takin zamani na ƙungiyoyin manoma ranar Asabar da la'asar. Ni na yi waya aka turo ta, amma ban bincika ko mai riƙe da makullin sito yana gari ba. Ashe ya tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye. Kashegari Lahadi, kowa yana sujada, babu mai ɗaukar buhu. Ba a gama sauke kaya ba sai Litinin da yamma. Direban da yaronsa sun kwana biyu a ƙarƙashin mota bisa tabarma, ba wanda ya tuna ya kai musu ko ruwan wanka. Da na je ba shi haƙuri, sai ya nuna mini cewa maigidansa ba kwana yake biyansa ba, tafiya yake biya, kuma akwai lodin da ke jiransa a Kano da safe. Ya tashi mota rana tana faɗuwa, ya bi hanyar da mu kanmu ba ma yarda mu bi a wannan lokaci. Ya isa lafiya. Amma da wani abu ya same shi, da sakacina ne ya tura shi.

Yadda kaya ke iso mana

Sukari ko taliya da kuke saya a kantin ƙauye sun hau mota uku ko huɗu kafin su zo. Tirela ce ke ɗauko su daga kamfani, sau da yawa daga Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Kano. A can ake sauke su a daffo ko a rumbunan manyan 'yan kasuwa, irin na Kasuwar Singa. Daga nan wata mota ta kai su Katsina ko Dutsin-Ma, sannan ƙananan motoci su rarraba su kasuwanninmu. Amfanin gonarmu kuma yana bin hanyar a juye, daga kasuwar Batsari zuwa Katsina ko kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, har Kudu.

Tirela mai ɗaukar tan 30 tana cin buhun taki 600 mai kilo 50, ko buhun hatsi 300 mai kilo 100. A mafi yawan wurare babu injin ɗaga kaya, a ka da kafaɗa ake saukewa. In 'yan dako suna nan a shirye, aikin sa'o'i kaɗan ne. In ba a shirya ba, ko akwai motoci goma a layi, ya zama aikin kwanaki.

Yadda ake biyan direba

Yawancin direbobin nan ba su suka mallaki motocin ba. Maigida yana da mota, ɗan kamasho ya samo lodi ya cire nasa, direba ya karɓi kuɗin hanya. A cikin kuɗin hanyar nan ne zai sayi man gas, ya ci abinci shi da yaron mota, ya biya kuɗin tasha da rasit na ƙananan hukumomi, ya kuma sallami masu shinge. Abin da ya ragu shi ne ribarsa, domin albashin wata, in ma akwai shi, ɗan kaɗan ne. Saboda haka duk kwanan da ya yi yana jira, daga aljihunsa yake ci, kuma ya rasa tafiya guda da zai samu.

A shekarar 2022 kuɗin litar gas ya tashi daga ƙasa da naira 300 a watan Janairu zuwa sama da naira 800 a Disamba. Kuɗin taya da kayan gyara su ma sun bi sahu bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Mai kaya yana son araha, mai mota yana son riba, wurin da ya fi sauƙin matsewa kuwa shi ne rabon direba. Ban da wannan, idan aka ƙirga kaya aka ga buhu biyu sun yi ƙasa, ko ruwa ya jiƙa wasu, a wuyansa ake ɗorawa, ko da ba ya wurin lokacin da aka yi lodi.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki ko iyalin wanda ya mutu. A watan Yuli na 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Sai dai wannan doka ta albashi ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya da kamasho ko da yawan aiki ba. Direban da maigidansa ke da mota biyu ko uku, aka kuma ɗauke shi da baki kawai, yana waje da mafi yawan wannan kariya. Yaron mota kuwa, ko maganarsa ba a yi.

Jira ke haifar da gudu

Mukan zargi direbobi da ganganci, kuma wani lokaci da gaskiyarmu. Amma mu duba inda gaggawar take fitowa. Ƙa'idar hanya ta ba tirela kilomita 50 a sa'a a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Da wannan gudu, Legas zuwa Kano tuƙin kusan sa'a 20 ne, ban da ramuka da shingaye da lalacewar mota. Mutum ɗaya ba ya yin wannan ba tare da ya kwanta ba. To idan an cinye masa kwana biyu a bakin daffo, a ina zai rama? A barcinsa da kuma a totur. Daga nan goro da shayi mai ƙarfi su shigo, wasu su zarce zuwa ƙwayoyi irin su tiramol. Ƙwaya ba ta kashe barci, jinkirta shi take yi, kuma gyangyaɗin daƙiƙa uku ya isa ya kai tan 30 cikin rami.

Neman cike giɓin kuɗi ne kuma ke sa a ɗora mutane a saman buhuna ko tare da shanu. Da yawa daga cikin masu hawa 'ya'yanmu ne masu tafiya ci-rani. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta hana wannan, ta kuma fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya a watan Fabrairu na 2017. Amma na'ura tana rage gudu ne kawai, ba ta biyan kwanan da aka ɓata.

Nauyin hanyarmu

Direban da ke zuwa yankinmu yana da wani ƙarin kaya da na wasu wurare ba su da shi. Muna gefen Dajin Rugu, kuma kun fi ni sanin abin da hanyoyin Ruma da Runka suka gani a shekarun nan. A ƙarshen watan Agusta na 2021, gwamnan wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ya hana motocin itace shiga daji, ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da na Batsari da Safana. A watan Satumba aka katse layukan waya. Direban da motarsa ta lalace a lokacin ba shi da yadda zai kira kowa. A 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da namu biyu, amma duk mai hankali har yanzu yana son ya fita da rana tsaka. Awa uku da muka ɓata wa direba a bakin sito na iya zama bambanci tsakanin tafiyar rana da ta dare.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan motoci suka tsaya. A ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta hana kai kaya Kudu na kusan mako guda. Tumatir da albasa suka yi tsada a Legas, a Arewa kuwa suka faɗi warwas a hannun manoma. A farkon 2024, lokacin tsananin tsadar abinci, an tare motocin kayan abinci an wawushe a Suleja da kuma Dogarawa kusa da Zariya. Mai kaya yana gida, direba ne ke tsaye a gaban jama'a.

Ba a nan kaɗai ba

Kada mu ɗauka talaucinmu ne kawai ya jawo haka. A Turai akwai manyan kantunan sauƙin farashi irin su Aldi da Lidl, waɗanda ke rage kuɗin kaya ta wurin rage ma'aikata. Direbobi sun daɗe suna kukan cewa a daffo irin nasu akan ba mota lokacin isowa ƙayyadadde, wanda ya makara ya koma bayan layi, sannan direba da kansa zai sauke kaya da ɗan injin ja bayan doguwar tafiya. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta ce tuƙi kada ya wuce sa'a 9 a rana, a huta minti 45 bayan sa'a huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a mota da ke rubuta komai. Duk da haka matasa sun guji aikin. A 2021 ƙungiyar masu manyan motoci ta Birtaniya ta ce ana ƙarancin direbobi kimanin 100,000, kantuna suka rasa wasu kaya, gidajen mai suka yi layi. Ƙasar Sifen ta gane inda gizo ke saƙa: daga Satumba na 2022 ta hana a sa direban motar da ta wuce tan 7.5 ya yi lodi ko ya sauke, sai a wasu keɓaɓɓun ayyuka, ta kuma ce idan jira ya wuce sa'a ɗaya mai kaya ya biya diyya. Darasin a fili yake. Lokacin direba kuɗi ne, kuma wanda ya ɓata shi ya kamata ya biya.

Abin da ke hannunmu

Ba mu da ikon gyara hanya ko rage kuɗin gas. Amma duk lokacin da ƙungiyar manoma, ko zumuntar mata, ko kwamitin rumbun hatsi, ko mai kanti a cikinmu ya karɓi mota, mu ne daffo a ranar. Ga abin da nake roƙo:

1. Kafin a ce mota ta taso, a tabbatar makulli yana gari, sito a share yake, masu sauke kaya sun san rana. Kada a kira mota ta iso Asabar da yamma. A tuna kuma direba da yawa suna zuwa masallacin Juma'a.

2. A yi magana a kan kuɗin jira tun kafin lodi, a rubuta. Idan laifin jinkiri namu ne, a biya daga asusun ƙungiya.

3. A biya 'yan dako su sauke. Direba da yaronsa ba 'yan dako ba ne.

4. A ƙirga buhuna a gaban direba, a sa hannu a takardar kaya, a ba shi tasa. In an sami giɓi, a rubuta a kira wanda ya yi lodi kafin a ɗora wa kowa.

5. A sallame shi da kuɗinsa a ranar. Littafin Firistoci 19:13 ya hana a riƙe hakkin ɗan ƙwadago ya kwana.

6. A ba su ruwa da abinci da wurin kewayawa, a nuna musu inda za su yi salla in Musulmi ne. In yamma ta yi, a ba su masauki su tashi da safe.

7. Kada mu matsa a ƙara buhu fiye da ƙarfin mota don mu rage kuɗi. Araha ba ta ado. Kuma mu hana 'ya'yanmu hawa saman kaya.

Iyayen da ɗansu ke son bin mota, ku je ku ga maigidan ido da ido. Ku tambayi nawa za a biya shi, wa zai ɗauki nauyin asibiti in an yi haɗari, da kuma ko motar tana da inshora. In ya kai lokacin tuƙi, ya nemi lasisin babbar mota na gaskiya, ya shiga ƙungiyar direbobi ta NURTW domin ya sami inda zai kai kuka.

Daga abin da ya faru da ni, yanzu ba na kiran mota sai na ga makulli a hannuna, kuma mun buɗe layi a littafin kuɗi mai suna kuɗin jira. Ina roƙon shugabannin kwamitoci su karanta wannan a taronsu na wata, su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa tarbar mota kafin takin bana ya fara isowa. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gida lafiya.